Tana

Ranar Laraba ta shigo majema,
tsohuwar Baturiya da malafa,
Jelani ɗan ƙanena na riƙe mata jaka.
Ya ce, Baba, ga baƙuwa, sunanta Tana.
Yara suka ƙyalƙyale a bayan katanga:
Tana? Wadda kaji ke tonowa da damina?
Na daka musu tsawa,
amma ni ma sai da na ɓoye baki a hannun riga.

Ba ta toshe hanci ba.
Shi na fara lura da shi.
Dillalan fata ma daga nesa suke tsayawa
suna nuni da baki.
Ita ko ta durƙusa gaban kwatanniya,
ta tsoma yatsa a ruwan bagaruwa,
ta sansana, ta yi shiru.

Jelani ya ce, ba tanar laka ba ce, Baba.
A bakinsu, majemi ake nufi.
Can da, da masu suna ɗaya suka yi yawa a gari,
sai aka kira kowa da aikin hannunsa:
wane maƙeri, wane masaƙi,
wane da ke zaune bayan gari saboda wari.
Su ɓawon itace suke jiƙawa, in ji ta.
Sana'ar ta mutu a gidansu tun kafin kakan kakanta,
sunan ne ya ƙi bin gawa.

Na dubi hannunta, laushi kamar fatar da aka gama ja.
Na dubi nawa,
toka ta ci, bagaruwa ta rina,
shekara hamsin sabulu bai yi nasara ba.
Ita suna babu jima,
ni jima babu suna.
A katina Labbo Wurno aka rubuta,
garin da kakana ya baro yana goye,
ni ko kwana ɗaya ban taɓa yi a can ba.
Ashe kowa da aron da yake amsawa.

Na zaɓo mata fatar jar akuya,
wadda karan dafi ya kama sosai.
Ta buɗe jaka.
Na ce, Jelani, gaya mata,
majemi ba ya ciniki da 'yar majemi.
Ta rungume fatar, ta ce wani abu dogo,
ya fassara mini da kalma biyu.

Da suka fita na bi yaron da kallo.
Komfuta yake karanta, bai taɓa karce gashi ba.
Wata rana, ko a wace ƙasa,
wani jikansa zai zo Sakkwato da malafa
yana tambayar ina ne majema.
Allah ya sa ya tarar da mai nuna masa.

An kira la'asar.
Na wanke hannu sau uku,
warin na nan.