Iskar da Ba Ta Zama

A bakin titin Nima, gefen mai koko,
nake girke tukunyata ta ƙarfe.
Ƙarti biyu ke sauke ta daga mota,
suna nishi, suna tsine wa nauyinta.
Abin da ke cikinta kuwa
ya fi numfashina sauƙi.

Hiliyam, in ji takardar da ke manne a wuyanta.
Ba launi, ba wari.
Mumuni mai walda ya taɓa ƙyasta mata ashana
don ya ga gudun tsoho. Ta ƙi kamawa.
Ya ce, wannan ai waliyyiya ce,
ba ta faɗa, ba ta ƙawance,
ba ta haɗa jini da kowa.

In na murɗa famfo, balan-balan ta miƙe
tana fizgar zare
kamar akuyar da ta hango dusa.
Sidi biyar, na ɗaura a hannun yaro.
Wani ɗan banza ya zuƙa,
muryarsa ta koma ta ɗan tsako.
Na kai masa ranƙwashi:
huhu ba ya ƙoshi da ita, kai!

Kashegari sai ka tarar da ita a ƙasa, ta yamutse.
Ba allura, ba ƙaya.
Ta bi ta jikin roba ta sulale
ko sallama babu.

Ranar da bayan Inna Barikisu ya ƙi miƙewa
muka kai ta Kolebu.
Suka tura ta cikin wani farin kogo
mai ƙara kamar ana sakwara.
Ma'aikacin ya tambayi sana'ata, ya yi dariya.
Ya ce, hajarka ce a ciki, baba,
an mai da ita ruwa,
sanyinta ya sa ƙanƙara jin kunya,
ita ke fifita maganaɗisun
da ke leƙa ƙashin yayarka.
Daga ƙarƙashin ƙasa ake tono ta,
kuma wadda ta tsere ta tsere kenan,
sama take yi, ba ta waiwayen duniya.

Na dawo ina lissafi a mota.
Shekara goma sha ɗaya
ina sayar wa sama abin da ba ta biya.

Yau wata yarinya ta saki jar balan-balan da gangan.
Ta ɗaga kai, baki buɗe.
Na so in yi faɗa.
Sai na ga ni ma na ɗaga nawa,
har ta wuce hasumiyar masallaci,
ta zama ƙwayar barkono,
ta nufi teku.