Kwafi Uku

A Temuco, bayan gidan burodi,
Eliana Painemal na buga tafireta
wadda harafin R ɗinta ya karye.

Tsohuwa Rosenda ta ce:
"Ɗana Aurelio. Daren Talata. Mota ba lamba.
Takalminsa ɗaya na nan bakin ƙofa."

Kwafi uku.
Ɗaya na kotu,
inda alƙali zai ce soja ba su san shi ba.
Ɗaya na uwa, ta cusa a ƙirji.
Na ukun a gwangwanin fulawa, ƙarƙashin tanda.

Ƙara arba'in da bakwai ta shigar,
ko mutum ɗaya ba a sako ba.
Duk da haka da biro take cike kowace R,
don ranar da za a tono gwangwanin
kada a karanta sunan yaro da giɓi.