Mai Guga a Ambasatna

Tun da aka hana gawayi a Njamena
dutsen gugata ƙwallon goriba yake ci.
Wuta ce mai saurin fushi, mai saurin hucewa,
kafin in gama wuyan riga ta zama toka.

Ban ce dokar banza ba ce.
Na san hanyar Masaget tana da bagaruwa da aduwa,
na kuma gan ta bara, ƙwal kamar kan jariri ranar suna.
Buhu nawa na ƙona cikin shekara ashirin?
In itatuwa za su kai ƙara gaban alƙali
da sunana a takardar.

An ce mu koma gas, gwamnati ta rage kuɗin tukunya.
Kaltume ta bi layi tun asuba,
ta dawo da la'asar, tukunyar na kanta,
ba nauyi sai na rana.

Jiya direban Alhaji Abderaman ya sauke shadda bakwai.
"Jibi jirgi. Taron ɗumamar duniya.
Zai faɗa wa masu manyan masana'antu
su biya kuɗin hayaƙinsu.
Kada ka bar ko ƙanƙanin yamutsi."

To. Na guntsi ruwa, na fesa, na danna.
Ina danna kafaɗa ina tuna babana a Bol
da kwalekwalensa da ya kwana a ruwa
ya tsufa a kan yashi.
Ina danna aljihu ina lissafi:
in sun biya, ta wace ƙofa kuɗin zai shigo,
ofis nawa zai gaisar
kafin ya tambayi layinmu?

Wajen sha biyun dare tartsatsi ya tashi,
ya sauka a gefen farar, ta ciki,
ya huda ta daidai ƙwayar gero.
Na ɗauko allura. Na mayar.

Alhaji, in ka miƙe a zauren nan mai sanyi
hannunka ya taɓa wurin,
kada ka zagi mai guga.
Rabona ke nan na hayaƙin duniya,
na sa hannu, na aiko.
Ka tambaye su nasu.

Na ninke bakwai ɗin, na ɗora dutse a kan bulo.
Kaltume ta zo da ƙaramar tukunya
ta kwashe sauran garwashin,
ko zai isa kunun yara.