Hannun Ɗan Koyo

Da hantsi Malam Rabilu ya turo ta
Tun daga Kurna har rumfata a Fagge,
Gumi ya jiƙa masa wuyan riga,
Akwatin burodi na rangaji a baya,
Ɗansa Nafi'u na tafe, rungume da hular kwano.

Ya ce, "Ɗanliti, giya ta mutu.
In na murɗa totur sai kururuwa,
Ƙara kamar za ta Daura, tafiya ta hawainiya.
Jiya a hawan Ƙofar Ruwa
Mai kurar ruwa ya wuce ni yana mini sannu.
Lamba biyu kuwa ba ta zama,
Na sa ta, ta tofar, ta koma firi."

Ni ba na kwance inji da jin labari.
Na kafa ta, na buga, na kasa kunne
Kamar mai sauraron ƙirjin yaro da dare.
Na taɓa hannun kuloci, waya a ɗame,
Babu wasa ko na ƙwayar gero.
Na zare ma'aunin mai na sansana:
Ƙauri, na tuwon da aka manta a murhu.

Noti takwas na jera a murfin gwangwani.
Baƙin mai ya tsiyaye cikin yankakkiyar jarka,
Garin ƙarfe na ƙyalli a ƙasansa.
Faya-fayen kuloci sun suɗe sumul,
Ƙarafan tsakaninsu sun yi shuɗi don wuta,
Sifirin guda ya gaji ya durƙusa.
Sai bayan azahar na raba inji biyu:
Ga cokalin giya ya lanƙwashe,
Haƙoran lamba biyu sun dakushe
Kamar na tsohon da ya ƙi rabuwa da rake.

Ƙarfe bai iya rufin asiri ba.
Wani ne ke riƙe kuloci rabi da rabi,
Yana tsoron saki, yana ɗura wuta,
Sannan ya taka giya da dukan diddige.
Wannan ba hannun mai shekara goma sha tara a titi ba ne.

Na ce, "Malam, wa ke hawanta bayan kai?"
Ya ce, "Ni kaɗai. Makulli a aljihuna yake kwana."

Na ɗago kai.
Nafi'u na tonon ƙasa da babban yatsa.
A ƙwaurinsa na dama, ƙasan wando,
Ga tambarin salansa, ɗanye, faɗin kwabo.
Ina da irinsa. Shekara talatin bai goge ba,
Haka ma marin da kawuna ya biyo shi da shi.

Na ce, "Lodi ne, Malam, da cunkoson titin Katsina."
Ban yi ƙarya duka ba.
"Je ka Sabon Gari wajen Chidubem,
Faifai huɗu, cokali, giyar biyu, gaskit.
Kar ka karɓo mai araha, sati uku yake yi."
Ya lissafa burodi nawa ke nan, ya yi shiru,
Ya karkaɗe hula ya tafi.

Na kira yaron wajen wani babur da ke jiran mai shi.
"Kama nan. Matse duka.
Kuloci ba a yi masa rabin magana.
Sakinsa kuma,
Ka taɓa zare hannu daga ƙarƙashin kan ƙaninka
Bayan ya yi barci? To, haka."

Ya matse, ya saki. Ya matse, ya saki.
Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
"Za ka faɗa masa?"

Na ce, "Ni da ƙarfe nake magana.
Wannan bashin naka ne, kai za ka kai shi da bakinka.
Shafa bakin mai a ƙunar nan ba magani ba ne, je kemis anjima.
Yanzu miƙo min sifana goma."

Ya miƙo sha biyu.