Zagayen Planty da Babana

Likita ta ce a fitar da shi ya taka ƙasa,
kullum, ko ana yayyafi.
Shi ya sa ƙarfe goma nake durƙusa in ɗaura masa igiyar takalmi,
irin ɗaurin da shi ya koya mini,
mu kama hanyar Planty,
lambun da ya yi wa tsohon birnin Krakow ɗamara.

Nan ganuwa take a da, in ji shi,
kamar ban taɓa ji ba.
Aka rushe ta, aka cike gwalalo, aka dasa itatuwa.
Inda maharba suka kwana gadi
yau wata tsohuwa ce ke saƙa hular ulu,
karenta ya yi matashi da ƙafarta.

Ni benci nake ƙirgawa, shi numfashi.
Watan jiya, uku muke wucewa ya nemi zama.
Yau sai da muka bar na bakwai a baya
kafin ya ce takalmin ne ke matsa shi.
Na ce i, takalmin ne.

Ga Barbakan, jan tubali, zagayayye kamar rumbu,
an huda masa ƙananan tagogin harbi
da tattabaru suka gada.
Muka shige ta Ƙofar Floriyan,
inda masu zane suka rataye hotuna
a jikin ɗan guntun ganuwar da ya tsira.
Bai ko ɗaga kai ba. Ya san inda za shi.

Leokadia na nan da shuɗiyar amalankenta,
burodi mai kama da awarwaro jere a bayan gilashi.
"Ireneusz! Ashe da sauranka!"
Na ce mai riɗi za ta ba shi, an hana shi gishiri.
Ta ce to, ta naɗe a takarda,
suka yi wa juna wani kallo da ban yarda da shi ba.

Sai dandali ya buɗe.
Hasumiya biyu na majami'ar Maryamu,
ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kamar wa da ƙane.
Shekara talatin da ɗaya babana yana hawan doguwar,
matakala fiye da ɗari biyu,
begila a hammata, shayi a gora,
ya busa wa kusurwa huɗu ta gari
duk sa'ar da agogo ya buga, dare ko rana.

Sha ɗaya ta yi.
Taga ta buɗe can sama, ƙarfe ya yi walƙiya.
Ya cire hula.
Yatsun hagunsa suna motsi a kan sandarsa,
na dama har yau ba su dawo daga inda suka tafi ba.
Busar ta hau, ta hau,
ta yanke a tsakiya, yadda take yankewa tun kakanni.
Masu ba da labari sun ce kibiya ce
ta sami mai busa na farko a maƙogwaro.

Ina ƙarama na tambaye shi,
don me ba ka ƙarasa ta, Baba, ko sau ɗaya?
Ya ce ba tawa ba ce, aro aka ba ni.

"Yaron nan yana gaggawa," ya ce yanzu,
yana goge ido da bayan hannu.
Wani hannu ya leƙo ta taga yana ɗagawa.
Kowa ake ɗaga wa, har baƙi masu kyamara,
amma babana ya amsa
kamar sunansa aka kira.

Ba mu kai fadar Wawel ba.
Daga nesa muka hango kan hasumiyoyinta,
kogin Wisła kuwa sai dai a rai.
Ya ce gobe. Gobe ta Allah ce, na bar shi da ita.

A motar komawa gida ya yi gyangyaɗi a kafaɗata,
takardar burodi a dunƙule cikin hannunsa.
Na karkaɗe masa ƙwayoyin gishiri daga gaban kwat
kafin mamata ta gani.