Faranti na Tara

Ƙarfe shida na yamma a Yaba.
Ruwa ya ci titi, danfo sun yi cirko-cirko,
janareto na tari a bayan ɗakin bincike,
ni kuwa na duƙa kan madubi
ina ƙirga waɗanda suka daina haihuwa.

Faranti na tara.
Makon jiya ƙwayoyin nan ɗaya na zama biyu, biyu huɗu,
sun cika wuri kamar 'yan haya a Mushin.
Yau sun baje, sun yi faɗi, sun yi nauyin jiki.
Na ɗiga musu rini, suka amsa da shuɗi,
shuɗin rigar da ta gaji da wanki.

Ba su mutu ba. Abin da ke hana ni barci ke nan.
Suna ci, suna sha,
aiki kawai suka ajiye.

Bolatito ta ɗora farce kan gilashin kwamfuta,
ta ce, "Ga mai laifin."
Ƙwayar gado guda, ba ta da wani tsawo,
ita ke ba da umarni a ƙera wani sinadari
wanda ba ya gini, datsa ce sana'arsa.
Haruffa huɗun nan da ake rubuta mutum da su,
tun suna warwatse, kafin a jera su layi,
shi ke bi yana gutsure su.
In ya tsaya iya awo, shara ce, gida ya yi tsaf.
In ya zaƙe,
sai ƙwaya ta zo kwafar littafinta
ta tarar harafi ya ƙare a tsakiyar shafi.
Sai ta zauna.
Zaman ke nan.

Mu muka kunna shi da hannunmu.
Mu muka tsofar da su, muka rubuta kwanan wata a murfi.

Na san mai irin wannan zama.
Baba Ilu tela, Idi-Araba,
shekara arba'in da ɗaya kan keke guda.
Akwai ɗan almakashinsa na farke ɗinki,
ba ya ba da aronsa ko ga ɗan cikinsa.
Yakan ce telan da bai iya farkewa ba
ɓata yadin mutane yake yi.
Bara zare ya ƙi shiga allura, sau bakwai na ƙirga.
Bai ce komai ba, ya lulluɓe keken da zani,
ya fito da benci ƙofar shago.
Yanzu mita yake: tsadar gari, hayaƙi, yaran zamani,
duk wanda ya zauna kusa da shi
sai ya tashi da ciwon baya.
Haka shuɗɗan nan ke yi wa maƙwabtansu.

Na so in tsine wa almakashin, bakina ya ƙi.
Domin na san ɗayar ƙwayar, wadda ba ta zama,
mai kwafa ba dare ba rana, kuskure kan kuskure.
Sunanta daji.
Ita ta cinye Inna a babban asibitin nan
da ake hange daga bencin Baba.

Ƙarfe goma na isa gida, takalmi a hannu.
Ya ce, "Uwani, yau me kika gano?"
Na ce, "Almakashi, Baba. A cikin kowa."
Ya yi shiru har wani okada ya wuce.
Ya ce, "Wa ke riƙe da shi?"

Ban rubuta wannan a littafin bincike ba.

Ya laluba aljihu, ya miƙo mini allura da farin zare.
Na zura masa a hasken waya.
Bai ɗinka komai ba.
Ya soke ta a gefen hula,
ya ce in duba ko tuwon ya yi sanyi.