Maƙatai Uku

A ɗakin madarar kakata Ausma,
can inda hanyar Cesis ke karkata ta bi kogi,
akwai tulun ƙarfe a kan gindi mai juyawa.
Ya girme ni, ya girmi uwata.
Murfinsa faɗin faranti,
maƙatai uku ke riƙe da shi,
kowace da noti mai kunne biyu
da ake murzawa da yatsa, ba da sifana ba.

Biyu tare da tulun aka saye su.
Ta ukun Zigurds ne ya ƙera
daga haƙorin tsohuwar garma,
shekarar da sanyi ya karya ta asalin.
Ta fi 'yan'uwanta kauri, ta ɗan karkace
kamar yatsan da ya taɓa karaya.
Robar bakin kuwa tif ɗin kekensa ce,
ya yanka da almakashinta na ɗinki.
Shekara tara ke nan da binne shi,
har yau ba ta yafe masa almakashin ba.

Ta ce mini,
kada ka gama da ɗaya kafin ka taɓa saura.
Murza wannan kaɗan, ka tsallaka,
murza waccan, ka dawo.
Murfi ba ya son a nuna masa bambanci.
Ta faɗa ta fita ɗebo gishiri.

Ni kuwa ɗan Riga, hannu na ƙaiƙayi,
na ɗauka ƙarfi shi ne gwaninta.
Na matse ta farko har ƙarfe ya yi ƙara,
na matse ta biyu,
ta Zigurds ta yi gardama, na ci ƙarfinta.
Na kama mariƙi na juya.
Sau goma. Sau ashirin.
Babu wanda ya gaya mini madara na numfashi,
tana kumbura a duhu, tana neman ƙofa.

Ta samu.
Daidai inda na latse robar ta kauce,
wani farin zare ya fito da fito,
ya zana bango, ya zana kalanda,
ya bi ta kan kyanwa, ya ƙare a tabarauna.

Ausma ta tsaya bakin ƙofa da gishiri a kwano.
Ta dubi rufi. Ta dube ni.
Ba faɗa, ba dariya.
Ta ɗora babban yatsa a kunnen karkatacciyar,
ta mayar da shi baya rabin murɗa,
sai tulun ya yi doguwar ajiyar zuciya.
Haka yake yi, in ji ta,
ban san wa take nufi ba,
tulun ko mutumin.

Ta gyara wa robar zama da ɗan yatsa,
ta sake ɗaurewa tana tsallake,
kaɗan nan, kaɗan can,
kamar mai rabon alewa tsakanin jikoki.
Na juya, hannunta a kafaɗata.
Ruwan sama ya fara a kan kwano.
Da farko tsumbul, tsumbul,
can sai sautin ya rabu biyu,
wani abu mai nauyi ya fara faɗuwa, tim,
ta ce tsaya, ya zo.

Mun wanke man da ruwan rijiya sau uku,
har yatsuna suka daina jin kansu.

Da dare ba ta ɗaure murfin ba.
Roba ma tana son hutu, in ji ta,
ta kife shi kawai, ta saki maƙatan
suna reto a gefen tulu.
Biyun suka tsaya da wuri.
Ta ukun ta daɗe tana lilo,
Ausma na riƙe da fitila, ba ta kashe ba
sai da ta tsaya.